Yafe Laifi Daban, Gyaran Hali Daban

  Mai daka ta ɗan jingine taɓarya, mai saƙar hula ta ci gaba da abinta, kunne kawai muke nema.

Yau za mu leƙa gidan maƙwabta ne. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929 baƙi suke zuwa neman abinci, wasunsu Kirista. Da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983 suka ƙaru. Matansu na shigo mana gida sayen ƙuli-ƙuli da daddawa, wasu su ne ke duba mu a asibiti ranar awo. Sau da yawa za ki ji ɗaya ta ce ita an cece ta, an yafe mata zunubanta. Sai ki ce a ranki, to shi ke nan, wannan ta samu lasisin yin abin da ta ga dama. Ba haka karatun nasu yake ba, kuma bai kamata mu ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba.

Malamansu sun raba maganar gida biyu. Ta farko suna ce mata baratarwa, ta biyu tsarkakewa. Kalmomin nan suna yawo a bakin Kiristan Hausa, waɗanda suka samu cikakken littafinsu da Hausa tun 1932.

Baratarwa maganar shari'a ce. Ku ɗauka wani ya ci bashin hatsi a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya kasa biya, aka kai shi gaban alƙali. Sai wani ya tashi ya biya masa duka, alƙali ya ce tashi ka tafi, ba a bin ka ko kwabo. A imanin Kirista, Yesu Almasihu ne ya biya, mutum kuma yana karɓa ta hanyar bangaskiya, ba don aikinsa ba. Mu Musulmi a nan muka rabu da su, domin ba mu yarda an gicciye Annabi Isa, alaihis salam, ba, kuma a wurinmu wani ba ya ɗaukar laifin wani. Bayanin abin da suka riƙa nake yi muku, don ku san shi yadda yake.

To, an soke bashi. Amma mutumin nan da ya fito daga kotu, halin cin bashin ya bar shi? Ina! Da shi ya koma gida. Kankare wannan hali shi ne tsarkakewa. Ba a yini ɗaya ake yin ta ba, aikin rayuwa ce gaba ɗaya: barin ƙarya, danne fushi, tausayin maraya, riƙon amana. Suna cewa Ruhu Mai Tsarki ne ke wannan aiki a zuciya, amma mutum ma sai ya tashi tsaye. Kun dai san tukunyar da ta yi ƙanzo, sai an jiƙa, an kankare, gobe a sake.

Su kansu sun daɗe suna jayayya a kai. A 1517 wani malamin coci a Jamus, Martin Luther, ya yi tir da sayar da takardun sassaucin azaba da ake yi a zamaninsa, daga baya ya tsaya a kan cewa bangaskiya kaɗai ke baratar da mutum, aikin kirki ya biyo baya kamar yadda 'ya'ya ke biyo bayan dashen itace. Cocin ECWA da na Baptis a kan wannan hanya suke. Cocin Katolika kuwa, a taronta na garin Trent, ta yanke a 1547 cewa baratarwa ba sanarwa ce kawai ba, ta haɗa da sabunta zuciyar mutum, tana ƙaruwa, kuma babban zunubi na iya zubar da ita. Sai a 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da mabiya Luther suka sa hannu a takardar da ta rage wannan saɓani. Amma ku lura, babu ɓangaren da ya ce wanda aka yafe wa ya miƙe ƙafa. Wasiƙar Yaƙub da ke cikin littafinsu ta yi wa mai taƙama da imani alhali ya bar ɗan uwansa da yunwa faɗa sosai.

Yanzu mu dawo tsakar gidanmu. Mace ta yi yaji, iyaye sun zauna, an ce a yafe, ta koma ɗakinta. Wannan an soke bashi ke nan. Amma idan maigida bai bar zagi ba, ko ita ba ta bar gori ba, kafin kaka ta zagayo an sake ɗaure kaya. Haka tsakanin kishiyoyi, haka tsakanin uwa da ɗiyarta. Mu ma mun san tuba daban, tarbiyyar zuciya daban.

Saboda haka in an yafe miki, ki gode, ki kama gyara. In ke kika yafe, kada ki riƙa tono tsohon bashi, kuma kada ki sa ran hali ya sauya cikin dare ɗaya. Ana cewa hali zanen dutse, amma igiyar guga ma tana cin bakin rijiya a hankali.

Nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara, ku huta lafiya.