Ina Sauran Ram Ɗin Ya Shiga?



Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta shiga cikin kayan karatun ƙannenmu, kamar yadda ta shiga ofisoshin ƙananan hukumomi. Galibinmu ta hannu muke saye, kuma abin da ya fi jawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa shi ne ram, wato ma'adanar da kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a lokacin.

Ni kaina na ɗanɗana. Na tara kuɗin aikin gona, na je Kano na sa aka ƙara wa kwamfutata ram ya zama gigabait 8. Da na koma Kibiya na duba, sai na ga uku da ɗoriya kawai take amfani da su. Na kwana ina zargin ɗan kasuwar da ha'inci, sai da wani mai gyara a Rano ya nuna mini cewa mutumin ba shi da laifi.

To, ina sauran ya shiga? Ku ɗauki misalin malamin sito wanda littafinsa ke da layuka ƙididdigaggu. Ko buhu nawa aka jibge, wanda bai sami layi ba, a wurin malamin nan babu shi. Haka babbar manhajar kwamfuta, irin su Windows, take. Kowane bait na ram sai da lambarsa kafin a iya taɓa shi. Manhaja mai bit 32 lambobi 4,294,967,296 take da su, wato gigabait 4 daidai. A cikinsu ma sai an ware wa sashen nuna hoto da sauran kayan ciki rabonsu, domin su ma da lamba ake kiransu. Abin da ke saura wa ram yakan kama daga gigabait 3 zuwa uku da rabi. Tawa Windows 7 ce mai bit 32.

Maganin wannan ya daɗe da samuwa. A 2003 kamfanin AMD ya fito da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai bit 64, kuma Windows 11, wadda ta fito a 2021, mai bit 64 ce kaɗai. Amma har yanzu akan tarar da tsohuwar manhaja a kan injin da zai iya ɗaukar sabuwa.

Akwai wasu dalilan. Na farko, Microsoft ya sa wa kowane samfuri iyaka: Windows 7 Starter ba ta wuce gigabait 2, Home Basic mai bit 64 kuwa ba ta wuce 8. Na biyu, allon cikin kwamfutar shi ma yana da iyakar abin da yake ɗauka. Na uku, idan sashen hoto ba shi da ma'adanarsa, cikin ram yake gutsura. Na huɗu, ƙurar hunturu kan shiga ramin, ko kuma sandar ram ɗin ta ƙi zama daram.

Saboda haka, kafin ka zura hannu a aljihu, duba bayanin kwamfutarka ka ga bit nawa manhajarka take, ka kuma tambayi iyakar allonta. Idan an riga an sa, leƙa BIOS, shafin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi. In ya nuna ram ɗin cif, matsalar tana wajen manhaja. Sauyawa zuwa bit 64 sai an ɗora ta sabuwa fil, don haka kwashe takardunka tukuna. In bai nuna ba, kashe kwamfutar, a zare sandar a share ta a mayar, sannan a yi maganar ɗan kasuwa.

'Yan'uwa, asarar kuɗi da zafi, amma ɗora wa mutum laifin da bai yi ba ya fi nauyi. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma matambayi ba ya ɓata. Mu da muka sami damar karatu, idan mun koma gida hutu, mu zauna da ƙannenmu da ma'aikatan da ke kusa da mu, mu nuna musu yadda ake dubawa.