Jawabi a Wajen Bikin Rantsar da Sababbin 'Yan Majalisar Dokokin Jihar Kaduna

  

Ku talatin da huɗu da kuka ɗauki rantsuwa yau, kun gaji zaure mai tarihi. A nan Lugard Hall Majalisar Arewa ta riƙa zama, kuma zan ba ku labarin ɗaya daga cikin waɗanda suka riga ku zama a majalisar, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansa.

Kowa ya san shi a matsayin wanda ya zama Firayim Minista a 1957. Ni ɗan majalisar nake so ku sani. An haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi, ba ɗan sarki ba ne, ba jikan sarki ba. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma gida ya riƙe alli a Midil ta Bauchi. Ya je Landan ƙaro ilimi a 1945, da dawowarsa aka zaɓe shi zuwa Majalisar Arewa.

A wancan zamani ba ƙuri'ar talaka ke kawo mutum majalisa ba. Ta hannun En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, ake zuwa, kuma En'e ɗin ce ke biyan malamin makaranta albashinsa. Duk da haka, a watan Agusta na 1950, Malam Abubakar ya miƙe ya gabatar da ƙuduri cewa a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi. Ya yi magana kan yadda iko ya taru a hannun mutum ɗaya, da yadda ake cin gumin talaka ba shi da inda zai kai kuka. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba, hujja ya jera. Ku auna nauyin abin: Turawa na zaune, manyan masarautu na sauraro, tuwonsa da miyarsa na hannun waɗanda yake yi wa gyara. Ƙudurin ya wuce da kyar, amma ya wuce. Bincike ya biyo baya, har aka kai ga dokar En'e ta 1954, wadda a ƙarƙashinta sarki ya riƙa yanke shawara tare da majalisarsa.

Ku abin da ke hannunku ya fi nasa. Sashe na 128 na kundin tsarin mulki ya ba ku ikon binciken yadda ake kashe kuɗin jiha, kasafin kuɗi kuma ba ya zama doka sai kun amince. Idan aka kawo muku kasafi an ware kuɗin rufin aji a Birnin Gwari ko maganin asibiti a Kaciya, ku taka da ƙafarku ku je ku gani ko an yi. Ko gwamna ɗan jam'iyyarku ne, ku kira kwamishina ya zo nan ya yi bayani.

Mai girma Shugaban Majalisa, a madadin jama'ar mazaɓun nan talatin da huɗu ina taya ku murna. Allah ya taya ku riƙo, ya ba jiharmu zaman lafiya da damina mai albarka.