Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Cizon Sauro Ba

Jama'a masu sauraronmu a rugage da mashekari, da ku fatake masu kai-da-komo tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela:

Sau nawa ka shiga asibiti, kafin ka gama cewa "jikina da zafi" an riga an rubuta maka maganin cizon sauro? Ka sha na kwana 3, zazzaɓi ya lafa, bayan mako ya dawo. Ka koma, a ce taifot ne. To, akwai wata cuta da ke ɓuya a bayan waɗannan biyun, makiyaya kuma sun san ta a jikin shanu: bakkale. Ita ce ke sa saniya ɓari in ciki ya tsufa, wani lokaci gwiwarta ta kumbura.

Mutum na ɗaukar ta in ya sha madarar da ba a dafa ba, ko ya kama ɗan maraƙin da aka yi ɓarinsa da mabiyiya da hannu tsirara. Alamunta zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumi da dare, ciwon baya da gaɓoɓi, da kasala. Maganin cizon sauro ba ya taɓa ta. Sai an gwada jini, sannan a haɗa magani iri biyu a sha har kusan mako 6. In an bar ta, tana iya kama ƙashin baya.

To yaya likita zai gane ta? Na'ura ba za ta gaya masa saniyarka ta yi ɓari ba. Bakinka ne zai faɗa, in an ba ka dama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malaman asibiti, don Allah ku tambayi mara lafiya sana'arsa, daga ina ya taso, me yake sha, lafiyar dabbobinsa fa? In Fulatanci ko Buzanci yake ji, a nemo tafinta. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin cizon sauro. In gwaji ya nuna babu, a nemi wani dalilin.

Kai kuma ɗan'uwa, kada kwarjinin farar riga ya rufe maka baki. Faɗi ranar da ciwon ya fara da sau nawa ya dawo. Ƙwayoyin da ka saya a kasuwa, zo da kwalinsu, kada ka ɓoye. Takardar asibitin wancan ƙetare, ko da Faransanci aka rubuta ta ko da Ingilishi, riƙe ta a aljihu kamar takardar allurar shanu. A gida kuwa, a tafasa madara kafin a sha ko a yi kindirmo.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kare mana dukiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.