Jawabi Kan Takardun Fili Ga Makiyaya Da 'Yan Kara A Malanbil

Ardo-ardo, dattawa, dillalai da fataken shanu, sannunku da zuwa.

Maganar fili ta tara mu yau. Tun da gwamnatin Benin ta yi dokar filaye a 2013, ta gyara ta a 2017, takarda ɗaya ce ke tabbatar da mallaka har abada, wato titir fonsiye, kuma hukumar ANDF ce ke ba da ita. Takardar ciniki da kuka sa hannu gaban mai gari shaida ce kawai. Wanda ya gaji fili daga kakanni, ya je ofishin magajin gari ya nemi takardar shaidar riƙon gargajiya, da ita ake fara neman titir.

Ina jan kunnenku a kan rabon filaye. Ranar da masu awo suka kafa duwatsu a bayan gari, rugar da ba ta da takarda fili ne babu mai shi a idonsu, ko shekara 40 kuka yi kuna ɗaure maruƙa a wurin. Dokar kiwo ta 2019 ta hana toshe burtali da mashaya, to amma burtalin da ba a sa wa alama ba, wa zai rantse a kansa? Mu je a shata shi tun kafin damina, da wakilinmu a tsaye.

'Yan'uwanmu na Gaya da Kamba, ku ji da kyau: baƙo ba ya sayen filin karkara a ƙasar nan, sai dai haya. Kada dillali ya karɓi kuɗin shanunku a kan gona.

Masu tsoffin takardu su kawo su ofishin ƙungiya a duba.