Wasa Farin Girki: Ladabin Zama a Majalisar Kwaikwayo

(Jawabin da aka yi wa wakilai ranar buɗe Majalisar Kwaikwayo ta Ɗalibai)



An ɗora mana nauyin yin bayani a kan ƙa'idojin ɗa'a waɗanda aka raba muku a rubuce tun jiya. Mun ga yadda waɗansunku suka karɓi takardar nan, suka ninke ta huɗu suka sa aljihu ba su ko duba ba. Har mun ji wani yana ce wa abokinsa, majalisar da ba ta da ko anini a baitulmali, me za ta yi da dokoki har shafi biyu? Tambayar tana da ma'ana, ita kuwa muke so mu amsa.

Gaskiya ne ba ku da baitulmali, ba ku da ɗan sanda ko ɗaya, dokar da za ku zartar kuma ba za ta gyara ko famfo guda a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Kakakinku na aro ne, ministocinku na aro ne, sandar majalisar ma kafinta ne ya sassaƙa ta aka shafa mata fenti. Abu ɗaya ne kurum a zauren nan wanda ba na aro ba, watau halin da kowa zai nuna. Zafin da mutum zai ji sa'ad da aka kayar da ƙudurinsa na gaske ne. Kwaɗayin ya katse abokin hamayya ya kunyata shi a bainar jama'a, shi ma na gaske ne. Idan an watse ran Asabar, muƙaman nan duk za a mayar da su akwati, amma yadda mutum ya saba yi da fushinsa da shi zai koma gida.

Wannan wasa ba baƙo ba ne a wurinmu. A ƙauyukan ƙasar Hausa, bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata kan yi bikin kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarawansu, su yi shari'a su ci tara, manya na kallo suna dariya, amma suna lura da wanda ya iya riƙon mutane. Irin wannan ne ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka ta tsara bisa tsarin zamani a jihar Ilinoyi cikin 1935, ta sa masa suna Boys State. Akan tara samari masu shekara 16 zuwa 17 na tsawon mako guda, a raba su jam'iyyu biyu waɗanda babu su a zahiri, su yi zaɓen gwamna da 'yan majalisa, su yi dokoki. Shekara guda bayan haka, cikin 1936, ƙungiyar YMCA ta fara nata a jihar Niyok. Wani yaro daga Akansas mai suna Bill Clinton ya bi ta wannan hanya har ya gaisa da Shugaba Kennedy a fadar gwamnati cikin Yuli 1963. Shekara 30 bayan nan shi ne ya shiga gidan.

Duk inda ake irin wannan taro, dokokinsa kashi biyu ne. Kashi na farko ya shafi zaman mutum a waje da zaure: ban da giya da ƙwaya, ban da fita daga harabar taro ba da izini ba, kowa ya rataya katin shaidarsa, ya yi tufafi na mutunci, ya kasance a makwancinsa kan lokaci, kada namiji ya matsa wa mace da magana ko da hannu. Wanda ya karya, a sallame shi. Ba za mu daɗe a nan ba, domin babu ɗayanku da bai san waɗannan tun daga gidan ubansa ba. Abin da za mu ƙara shi ne batun lokaci. Idan an ce ƙarfe 9, to ƙarfe 9 ake nufi. Wakilin da ya bar mutum 60 suna jiransa rabin sa'a ya cinye wa jama'a sa'a 30, ma'aikatan da ke cikinmu kuwa sun san abin da wannan ɗabi'a ta yi wa ofisoshinmu.

Kashi na biyu shi ne mai wuya, watau dokokin cikin zaure. Ku dubi ta farko: wakili ba ya magana sai Kakaki ya ba shi dama, in kuma ya tashi, da Kakaki zai yi magana, ba da abokin gardamarsa ba. Ba zai ce “kai” ko “ke” ba, sai dai “mai girma wakilin mazaɓa kaza”. Waɗansu suna ganin wannan kwaikwayon Turawa ne kawai. Lalle daga majalisar Ingila muka gaje shi, amma hikimar da ke ciki mun riga mun san ta. A fada, mai ƙara da wanda ake ƙara ba sa fuskantar juna su yi ta cacar baki. Kowa gaban sarki yake faɗuwa ya faɗi tasa. Maganar da ta bi ta hannun na uku takan huce kafin ta isa. Mutum na iya ragargaza hujjar abokinsa son ransa, ya bar masa mutuncinsa da zai zo da shi gobe.

Ta biyu ita ce haramcin kiran wakili maƙaryaci ko jingina masa mugun nufi. A majalisar Ingila, cikin Yuli 2021, an umurci wata wakiliya, Dawn Butler, ta fita daga zaure saboda ta ce Firayim Minista Boris Johnson ya yi ƙarya, ta kuma ƙi janyewa. Mutane da yawa sun ga gaskiya ta faɗa, har suka ce wace irin doka ce ke hukunta mai faɗin gaskiya ta ƙyale mai ƙarya? Ba mu raina wannan suka ba, tana da nauyi. Duk da haka muna tare da dokar. In aka buɗe ƙofar nan, kowace muhawara za ta tashi daga batun da ke gaba ta koma kan halin mai magana, a ƙare ba a auna ko hujja ɗaya ba. Wanda ya tabbata an faɗi abin da ba haka ba, ya kawo takarda da lissafi ya shimfiɗa a gaban majalisa. Wannan ya fi zagi ciwo, ya kuma fi shi wuyar yi, shi ya sa malalaci ya fi son zagin.

Domin kada a ce muna girmama ƙaramin abu, bari mu tuna da Ibadan. Ran 25 ga Mayu 1962 Majalisar Jihar Yamma ta zauna domin ta nuna ko tana goyon bayan Alhaji Adegbenro, wanda aka naɗa Firimiya a madadin Cif Akintola bayan jam'iyyar Action Group ta dare biyu. Abin da ake bukata kurum a ƙirga hannuwa. Ba a kai ga ƙirgawa ba. Aka yi jifa da kujeru, wani wakili ya ɗauki sandar majalisa ya kai wa Kakaki duka, sandar ta karye, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa a cikin zaure. Aka sake zama a ranar, aka sake yin haka. Kwana 4 bayan nan, ran 29 ga wata, Majalisar Tarayya a Ikko ta kafa dokar ta-ɓaci, aka naɗa Dokta Majekodunmi ya riƙe jihar. Rikicin bai kwanta ba har zaɓen 1965 da ƙone-ƙonen da suka biyo shi, har juyin mulkin Janairu 1966. Ba mu ce jifa da kujera kaɗai ya rushe Jamhuriya ta Farko ba, dalilan suna da yawa. Amma a ranar nan ne aka ga manya masu ilimi, lauyoyi da malamai a cikinsu, waɗanda suka gwammace a rufe majalisa da a ƙirga su a same su kaɗan.

Ciwon bai warke ba. Ran 18 ga Afrilu 2018 waɗansu mutane suka kutsa cikin Majalisar Dattawa a Abuja ana tsakiyar zama, suka sunkuci sandar suka fita da ita. Mun yi dariya da muka ji labarin, sa'an nan kunya ta kama mu, domin mu ma mun taɓa yi. Muna ɗalibai, a wata majalisa irin wannan, da muka ga za a kayar da mu da ƙuri'a 3, sai muka ɓoye sandar a ƙarƙashin katifa, muka ce babu sanda babu zama. Kwana biyu ana nema. A lokacin mun ɗauka wayo muka yi, har ana yi mana kirari a ɗakin cin abinci. Ƙudurin da muka hana a zartar kuwa, yau ko batunsa ba mu iya tunawa.

Saboda haka, dokar da muka fi so ku ja wa layi ita ce ta 11 a takardarku: hukuncin Kakaki da sakamakon ƙuri'a sun hau kan kowa. Wanda bai gamsu ba yana da hanya. Ya nemi a sake ƙirga ɗaya bayan ɗaya, ya sa Akawu ya rubuta rashin amincewarsa, ya kawo sabon ƙuduri gobe. Masu rinjaye kuma nasu nauyin ya fi, domin su ne za a jarraba da yawan hannuwa. Kada su rufe muhawara kafin 'yan hamayya su yi magana, kada su yi ihu su danne mai ƙaramar murya. Muna ambaton 'yan'uwanmu mata musamman, domin mun sha ganin mace ta tashi da hujja mai kyau, a bi ta da fito da shewa har ta zauna. Kakakin da ya bari aka yi haka a gabansa ya ci amanar kujerarsa.

Akwai wata ɓarna kuma wadda ba ta da hayaniya, watau mayar da zaman abin raha. Cikin 2017 samarin Boys State na jihar Tekzas suka jefa ƙuri'a cewa jiharsu ta ɓalle daga Amurka, jaridu suka ɗauka suka yi ta yaɗawa. Ba mu hana dariya ba, majalisar da ba a dariya a cikinta ba ta zaunuwa. Amma wanda zai kawo shirin doka a kan kuɗin makaranta ko aikin yi, ya karanta, ya san nawa abin zai ci da inda kuɗin zai fito, ya rubuta da hannunsa, kada ya kwafo na wani ya sa sunansa. Kamfe kuma ban da rabon lemo da katin waya. Ƙuri'ar da aka saya da kwalbar lemo a nan, da buhun shinkafa za a saye ta a waje.

Wajen nan kuwa bai yi muku nisa ba. Tun 31 ga Mayu 2018, da Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki, shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai da majalisun jihohi suka sauko daga 30 zuwa 25. Akwai waɗanda ke zaune a gabanmu da suka riga suka cika, waɗansu saura shekara 2 ko 3.

Yanzu Akawu zai kira sunaye bi da bi. Wanda aka kira ya fito da takardar nan daga aljihu, ya warware ta, ya karanta kafin ya sa hannu. Wanda ya ga akwai dokar da ba zai iya bi ba, ya faɗa tun yanzu a gaban kowa, majalisa ta duba ko za ta gyara ta.