Gyaran Shafin Intanet na Ofis: Jawabi ga Ma'aikatan da ke Kula da Shi

A yau da wuya a sami ma'aikata ko hukuma ko babbar makaranta a ƙasar nan wadda ba ta da shafi a intanet. Ta nan ne ɗalibi yake duba ranar jarrabawa, ɗan kwangila yake karanta sanarwa, mai neman aiki kuma yake cika takarda. Saboda haka ranar da shafin ya lalace, daidai yake da an kulle ƙofar ofis da tsakar rana alhali jama'a suna tsaye a waje. Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa ma'aikacin da aka danƙa wa kula da shafi yadda zai yi masa gyara ko ado ba tare da ya rushe shi ba, da kuma abin da zai yi in ɓarna ta riga ta auku.

SASSA UKU NA SHAFI

Da yawa daga cikin shafukan nan an gina su ne a kan manhajar WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Irin wannan shafi yana da sassa uku. Na farko shi ne gindin manhajar tare da rumbun bayanai, inda ake ajiye rubuce-rubuce da sunayen masu izinin shiga. Na biyu ita ce rigar shafi, watau tsarin da yake ba shi kamanni: launi, samfurin haruffa, da inda hoto zai zauna. Ana rubuta umarnin wannan ado da wani harshe da ake kira CSS. Na uku su ne fulogin, watau ƙananan manhajoji da ake maƙala wa shafi don ya yi wani ƙarin aiki, kamar karɓar takardar neman aiki ko nuna jerin hotuna.

Ya kamata a lura cewa mutane dabam-dabam ne suka rubuta waɗannan sassa, a lokatai dabam-dabam, ba su kuma san juna ba. A nan ne yawancin matsaloli suke tasowa. Fulogin da aka rubuta shekaru shida da suka wuce yana iya ƙin aiki da sabon gindi, ko kuwa fulogin biyu su yi karo saboda kowanne yana neman sarrafa abu guda.

KAFIN A TAƁA KOME

Rigakafi ya fi magani. Wajibi ne a ɗauki kwafin ajiya kafin kowane canji, kome ƙanƙantarsa. Kwafin nan kashi biyu ne, fayilolin shafi da rumbun bayanai, kuma ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba. Kada a bar kwafin a kan kwamfutar da take ɗauke da shafin kaɗai, gama in ta lalace an yi asarar duka biyun. Haka kuma ya kyautu ofis ya mallaki shafin gwaji, wanda jama'a ba sa gani, inda za a fara jarraba sabuwar riga ko sabon fulogin kafin a kai su babban shafi.

YADDA AKE YI WA RIGA ADO

Sau da yawa shugaban ma'aikata yakan ce a canja launin saman shafi ko a ƙara girman tambari. Ma'aikacin da bai sani ba sai ya buɗe fayilolin rigar ya yi gyara a ciki. Aikin zai yi kyau har zuwa ranar da masu rigar suka fito da sabon bugu. Da zarar an sabunta ta, sababbin fayiloli za su hau kan tsofaffin, gyaran nan duka ya shafe.

Hanyar kauce wa wannan ita ce yin 'yar riga. Ana buɗe sabuwar jaka a cikin wp-content/themes, a sa mata fayil mai suna style.css, a rubuta sunan jakar uwar rigar a layin da ya fara da kalmar Template. 'Yar rigar tana gādon kome daga uwar, amma abin da aka rubuta a cikinta shi ne yake rinjaye, sabuntawa kuma ba ta taɓa shi. In gyaran bai wuce layi biyar ko goma ba, akwai akwatin ƙarin CSS da aka tanada cikin WordPress tun 2016. Amma fa a sani abin da aka rubuta a can yana tare da rigar da ake amfani da ita ne, in an canja riga sai an sake shigar da shi.

Wani lokaci akan yi gyara daidai amma shafin ya ƙi nuna shi. Dalili na farko yawanci shi ne ma'ajiyar wucin gadi, domin burawuza ko wani fulogin yakan riƙe tsohon kamannin shafi don ya riƙa buɗewa da sauri. Sai a share ma'ajiyar a sake dubawa. Dalili na biyu shi ne wani umarnin CSS da ya fi na ma'aikacin ƙarfi. In ya danna F12 a burawuzar kwamfuta, zai ga umarnin da ya yi rinjaye, ya kuma ga nasa an ja masa layi a tsakiya.

IN SHAFI YA FAƊI

Ranar da shafi ya koma fari fat ko ya nuna saƙon kuskure, kada ma'aikaci ya shiga taɓa abubuwa barkatai. Ga matakan da zai bi, ɗaya bayan ɗaya.

1. Ya tambayi abin da aka canja na ƙarshe, da wanda ya canja shi. Sau da yawa amsar tana nan.

2. Ya duba akwatin imel na mai kula da shafi. Tun 2019 WordPress takan aika da saƙo mai ɗauke da sunan fulogin ko rigar da ta jawo matsala, tare da hanyar shiga ta musamman don gyara.

3. Ya kashe fulogin duka. In shafin ya dawo, sai ya riƙa kunna su ɗaya-ɗaya yana dubawa, har ya kai ga mai laifin. In ba ya iya shiga ko kaɗan, sai ya canja sunan jakar wp-content/plugins na ɗan lokaci, wannan zai kashe su gaba ɗaya.

4. In matsalar tana nan, ya koma ga ɗaya daga cikin rigunan asali, kamar Twenty Twenty-Four. In ta gushe, laifin na riga ne.

5. In har yanzu ba a gane ba, ya kunna WP_DEBUG a cikin wp-config.php, wanda zai faɗi fayil da layin da kuskure yake. Lalle ne a kashe shi bayan an gama, don kada ɓata-gari su karanta asirin shafin.

HARUFFANMU DA ALAMAR NAIRA

Akwai wata matsala da ta shafi ƙasar nan musamman. Riguna da yawa suna zuwa da samfurin haruffa wanda ba shi da ƙ, ɗ da ɓ na Hausa, ko haruffa masu ɗigo a ƙasa na Yarbanci da Ibo, wani lokaci har da alamar ₦. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙafa dabam, kafa dabam, haka baƙi da baki. In harafin ya fito kamar ƙaramin akwati, ko ya sha bamban da sauran rubutun, laifin na samfurin haruffa ne, sai a musanya shi da wanda yake da su, kamar Noto Sans ko Andika. In kuwa alamar tambaya ce ta fito, ko wasu baƙin alamomi, to, a duba ko shafin da rumbunsa suna kan tsarin UTF-8. Kafin ofis ya sayi riga, ya kamata a rubuta jimla guda mai ɗauke da haruffan nan duka a gwada. A kuma buɗe shafin a kan ƙaramar wayar hannu inda sabis ba shi da ƙarfi, tun da ta haka ne akasarin jama'a suke shiga.

HATTARA DA RIGAR BANZA

Wasu sukan ɗauko riga ko fulogin na kuɗi kyauta daga wuraren da ba a san asalinsu ba. Araha ba ta ado. Irin waɗannan kaya sukan zo da ɓoyayyar ƙofa wadda ɓarawo zai bi ya shiga shafin, ya sauya sanarwa, ko ya kwashe sunaye da lambobin waya na mutanen da suka cika takarda. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ta karɓi irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Shafin da adireshinsa ya ƙare da .gov.ng kuwa da sunan gwamnati yake magana, jama'a sukan gaskata abin da suka gani a kansa. Saboda haka a ɗauko kaya daga rumbun WordPress na ainihi ko daga masu su. Fulogin da ba a amfani da shi a goge shi, gama kashe shi kaɗai bai fitar da fayilolinsa ba. Wanda masu shi suka daina sabuntawa shekara da shekaru kuma a nemi madadinsa.

Daga ƙarshe, ana shawartar kowane ofis ya buɗe littafin rajista na shafinsa, inda za a rubuta ranar kowane canji, da abin da aka canja, da sunan wanda ya yi. Kalmar sirri ta babban mai kula kuma ta zauna a hannun ofis, kada a bar ta wajen ɗan kwangilar da ya gina shafin kaɗai. Ma'aikaci yakan sami canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, amma wanda ya gaje shi zai buɗe littafin ya san inda aka tsaya.