Karatu, Amfaninsa da Daɗinsa

Karatunmu na yau yana cikin wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 4, aya 13.

Sa'ad da Bulus ya rubuta wannan wasiƙa, ya tsufa, yana ɗaure a kurkuku, ya kuma san kwanakinsa sun ƙarato. Duk da haka ya roƙi Timoti ya taho masa da abu biyu: mayafinsa da ya bari a Taruwasa, da kuma littattafansa, musamman na fata. Mayafi dai mun san dalilinsa, kurkuku akwai sanyi. Amma littattafai fa? Ba jarrabawa zai zauna ba, ba kuma aiki yake nema ba. Abin da ya sani shi ne, kamar yadda jiki yake bukatar sutura, haka zuciya take bukatar abin da za ta yi tunani a kai.

Bari mu fara da amfanin karatu. Wanda bai iya karatu ba, kullum da idon wani yake gani. In wasiƙa ta zo daga ɗansa da ke birni, sai an kira maƙwabci, asirin gida ya fita waje. In an ba shi magani a asibiti, ba ya iya duba ko sau biyu ake sha ko sau uku. In an kawo takardar gona ko ta bashi aka ce ya dangwala yatsa, sai ya dangwala, bai san abin da ya yarda da shi ba. Gwauraye nawa ne suka rasa gādon 'ya'yansu ta wannan hanya? Haka yake a cikin ikkilisiya ma. In wani ya zo da baƙuwar koyarwa ya ce a rubuce take, wanda ba ya karatu ba shi da abin gwada ta. Mutanen Biriya, cikin Ayyukan Manzanni sura 17, sun sami yabo domin kowace rana suna bincika Nassosi su ga ko abin da aka faɗa musu gaskiya ne. Bulus ne fa mai wa'azin, amma sai da suka duba.

Mu tuna kuma, wannan gata bai zo mana a banza ba. Tun kafin boko, malamai a ƙasar Hausa suna rubuta waƙoƙi da wasiƙu da ajami. Daga baya Likita Mila, wanda ya zauna a Zariya, tare da abokan aikinsa Turawa da 'yan ƙasa, suka yi shekaru suna fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, manya masu furfura suka zauna a gindin bishiya suna koyon a, b, c. Iyayenmu da yawa a ajin baftisma suka fara haɗa baƙi da wasali, suna bin layi da yatsa a hasken aci-bal-bal, domin su karanta Bishara da idonsu. Su ba su da lantarki, amma suna da ƙishi.

Yanzu mu zo ga daɗinsa, domin a nan ne yawancinmu muka yi sake. Mun ɗauki karatu kamar maɗaci, a sha don dole, in an ci jarrabawa a rufe littafi har abada. A Nehemiya sura 8, Ezra ya karanta Attaura a dandalin Ƙofar Ruwa tun da sassafe har tsakar rana. Jama'a suka yi kuka da farko, amma daga baya suka tafi suka ci suka sha suka yi murna ƙwarai, domin sun fahimci abin da aka karanta. Fahimta tana da daɗi. Wanda ya zauna ya karanta labarin Yusufu daga rijiya zuwa fādar Fir'auna a zama ɗaya, ko littafin Rut mai sura 4 kawai, ya san abin da muke faɗa. Ba kuma laifi ba ne mu ji daɗin sauran littattafai masu kyau. Wa ya karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam bai yi dariyar wayon aku ba? Wa ya bi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ji tausayin uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta ba? Littafi yakan kai mu ƙasar da ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba, ya zaunar da mu da masu hikima da suka riga mu gidan gaskiya.

Yau wayar hannu tana aljihun kusan kowa, muna karanta guntayen saƙonni daga safe har dare, amma shafi goma a jere sun gagare mu. 'Ya'yanmu kuwa abin da suka ga muna yi shi za su yi. Saboda haka muna roƙonku abu uku. Wanda bai iya ba, ya shiga ajin manya, gemu ba ya hana ilimi. Wanda ya iya, ya koya wa mutum ɗaya cikin wannan shekara, ya fara da na cikin gidansa. Kowane gida kuma ya keɓe ko da minti goma sha biyar bayan tuwon dare, a ajiye waya, wani ya karanta da ƙarfi, saura su saurara.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin waɗanda suka sha wahala har Maganarka ta zo cikin harshenmu. Ka buɗe idanun masu koyo, ka ba masu koyarwa haƙuri, ka sa mana ƙaunar karatu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.